Ranar Alhamis Zan Kare

Jama'a, kafin in ce komai ku dubi rubutuna na yau da kyau. Kun ga ƙ ɗin nan da ɗ da ɓ, kowanne da 'yar ƙugiyarsa a ka? Kada wanda ya yaba mini, wuya ce ta koya mini. Waɗanda suka saba karanta ni sun san yadda yatsana ya faɗa kan waya haka nake turawa, mai karatu ya nemo ma'ana da kansa. To a makon nan rashin ƙugiya guda ɗaya ya kusa kai ni ɗakin aure.

Ga sababbin zuwa, ni ce Auta. Haka kowa ke kirana a gida, har 'ya'yan Yaya marasa kunya. Shekarata ɗaya da rabi a ƙasar waje ina digiri na uku a kimiyyar ƙasa, ƙasar noma nake nufi, wadda ake takawa. Aikina shi ne in cika tukwane da ƙasa, in shuka wake, in riƙa zuba masa ruwan gishiri, in zauna ina kallon wanda zai mutu da wanda zai jure, in rubuta. Mama ta ce da ta san kashe wake zan zo yi, da ta ba ni lambun Baba na kashe a gida an huta da kuɗin jirgi.

Ranar da zan taho, falonmu cike yake da gwaggwanni da innoni, kowacce da sunan ɗan da take ganin ya dace da ni a bakinta. Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Kada wanda ya ƙara yi wa Auta maganar aure sai ta ƙare." Shi ke nan kowa ya ja bakinsa. Tun daga ranar kalmar nan nake lulluɓa da ita. Duk wanda ya taso da magana, Mama ta ce masa, "Sai ta ƙare." Ni kuwa ina nan ina barcina har da juyi.

Cikin masu jiran, wanda ya fi kowa haƙuri shi ne Likitan Haƙori, ɗan aminiyar Mama. Wallahi mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Kullum da safe zai turo hoton fure, a ƙasansa ya rubuta, "Barka da asuba, kada a manta da buroshi." Sau ɗaya muka yi kiran bidiyo, ya faɗi wani abu na yi dariya, sai ya matso da fuskarsa ya ce, "Ɗan ƙara buɗewa, kamar na ga wani abu a haƙorin can na ciki." Tun daga nan idan zan gaishe shi sai na haɗe leɓe. Ina girmama shi, amma zuciyata ba ta taɓa motsi ba idan sunansa ya fito a wayata.

Wanda take motsi dominsa kuwa, yana nan garin da nake, ba shi da labari. Ko kuma yana da labari ya yi kamar babu, wannan ne ban gane ba.

Makona na farko a nan na rubuta a zauren ɗaliban da ke jin Hausa: "Salam, ni sabuwa ce, ina karatun kasa, ina neman wanda zai taya ni daukar buhu biyu zuwa dakin gwaji." Ba a jima ba wani ya amsa: "Wa alaikumus salam. Karatun kasa? Allah ya kiyaye ki da kasawa tun ba a fara ba. Idan ƙasa kike nufi, ga ni nan zuwa."

Ya zo kuwa. Dogo, siriri, da tabarau, da wata kwat mai ruwan toka wadda har yau ban taɓa ganinsa da wata ba, da jan biro a aljihun gaba. Digiri na uku yake yi a ilimin harshe, bincikensa a kan yadda mutane ke rubutu a waya. Ya ɗauki buhunan ƙasata har hawa na uku yana haki yana yi mini lacca a kan bambancin baki da baƙi. A ranar na ajiye lambarsa da sunan "Malam Kugiya". Da ya hango sunan a wayata babu ƙugiya, sai da ya cire tabarau ya dafe goshi.

Ku dai ku yi mini alƙalanci. Mutum ya riƙa kawo miki shayi mai citta a fulas duk ranar da kika daɗe a ɗakin gwaji. Kina mura ya je ya shayar miki da wake tukunya tukunya, har ya ɗauko hotonsu ya turo miki wai suna gaishe ki. Idan kuna jiran bas ya tsaya ta ɓangaren da iska ke bugowa. Amma mutumin da zai iya ɓata awa guda yana bayani a kan harafi ɗaya, ya kasa haɗa jimla guda wadda za ki riƙe. Duk saƙon da na tura masa sai ya dawo mini da shi a gyare kafin ya ba ni amsa. Sau nawa yake ce mini, "Manomiya, ki sa kibod mai ƙugiya. Wata rana abin nan zai ja miki." Ni kuma in ce, "Malam, kowa yana ganewa."

To ga yadda ya ja mini.

A makarantarmu ba a barin ɗalibi ya zarce da bincike sai ya tsaya gaban kwamitin malamai ya kare tsarin aikinsa. Su yi ta jifansa da tambayoyi, idan ya tsira a ce ya ci gaba. Bayan nan akwai aƙalla shekara biyu a gaba. Aka sa mini ranar Alhamis. Ran Litinin da safe ina tsaye a cikin bas, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a waya, na rubuta wa Mama:

"Mama ki sa ni a addu'a, ranar Alhamis zan kare."

Na jefa wayar a loka, 'yar ma'ajiyar kayana, don Farfesa, malamar da ke kula da bincikena, ba ta yarda a shiga ɗakin shuka da waya. Na sa farar rigata mai tabon laka a aljihu, na tura mayafina cikin wuyanta, na shiga wajen wakena. Sai bayan la'asar na fito.

Wayar har ta yi ɗumi. Zauren gidanmu ya cika ya batse. Gwaggo ta turo saƙon murya tana kuka tana dariya. Kawu ya rubuta addu'a mai tsawon hannu. Yaya, babbar yayata, ta samo wani tsohon hotona na sakandare ta ɗora masa hular kammala karatu a karkace. Likitan Haƙori kuwa furanni uku ya turo reras, a ƙasa ya rubuta, "Alhamdulillah, jira ya zo ƙarshe." Ko buroshi bai ambata ba, a nan na sha jinin jikina.

Na kira Yaya ina tsaye a bakin loka, takalmin roba a ƙafa ɗaya.

"Dakta Auta!" ta ce.

"Yaya, wace dakta?"

"Ke ba kin ce Alhamis za ki ƙare ba?"

"Karewa na ce zan yi! Zan kare tsarin bincikena a gaban malamai. Kare, Yaya, kare!"

"Kare dai? Mai haushi?"

"Yaya, don Allah ba wasa nake ba. Saura mini shekara biyu."

Sai ta fashe da wata dariya har tana tari, ina jin mijinta daga nesa yana tambaya ko lafiya. Ta kira shi ta karanta masa, shi ma ya kama. Na tsaya ina sauraren mutum biyu suna shaƙewa a kan masifata. Can dariyar ta yanke.

"Ke, tsaya," ta ce. "Auta, akwai matsala fa. Mama ta riga ta gaya wa maman Likita. Baba ya ce wa iyayen Likitan maza su zo ranar Asabar a zauna."

Na zauna a kan bencin nan mai sanyi, na cire ɗaya takalmin ban san na cire ba.

Da na koma ɗakina na kira gida. Ɗakin nawa, idan na miƙe hannu biyu ina taɓa gado da tebur. Akwai hita a ƙarƙashin taga wadda nake shanya safa a kai, da tukunyar wake ɗaya da na sato daga ɗakin gwaji saboda ta ƙi mutuwa. Na jingina wayar a jikin tukunyar. Mama ta ɗauka, kamar kullum goshinta da fankar sama kawai nake gani.

Na yi bayani tiryan-tiryan. Goshin Mama ya tattare.

"Ni abin da kika rubuta na karanta," ta ce. "Ke da kike digiri na uku ba ki iya rubuta harshen uwarki ba?"

"Mama, wayar ce ba ta da harafin."

"Ta Yayarki ma ba ta da shi, amma ba ta taɓa sa ni na yi wa mutane albishir ɗin ƙarya ba. Har na sa an fito da labulen ɗakinki an wanke."

Wannan labulen ya taɓa ni fiye da faɗan. Na ga Mama a tsakar gida tana shanya shi tana murna autarta za ta dawo. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri." Ta ce, "Ungo Babanki," ta miƙa wayar da sauri, na san ba ta so in ga idonta ne.

Baba ya riƙe wayar nesa da fuskarsa yadda yake riƙe jarida. Sai da ya tambayi sanyi, ya tambayi wakena, sannan ya shiga magana.

"Na ji abin da ya faru. Karatunki kuwa za ki ƙarasa shi, da ƙugiya," ya ce, har ya ɗan murmusa. "Amma dattawa na ce wa su zo, Auta. Ba zan aika musu in ce su zauna a gida saboda wutsiyar harafi ba. Za su zo, zan kuma ba su amsa. Amsar iri biyu ce. Ko in ce musu su ƙara jira, kin kuwa san idan ni na ce wa mutum ya jira 'yata shekara biyu, alkawari na yi. Ko kuma in ba su haƙuri in ce yarinya tana da wanda take so. Ba zan yi miki dole ba, ba zan kuma yi musu ƙarya ba. Akwai wani?"

Na kalli tukunyar wake. Na kalli safar da ke kan hita.

"Baba…"

"Kada ki amsa yanzu. Ki je ki kare abinki. Ranar Juma'a idan na dawo daga masallaci zan kira ki. Idan akwai suna ki ba ni. Idan babu, ki ce babu."

Jama'a, suna akwai, yana bakina kamar alewa. Amma yaya za a yi mace ta miƙa wa mahaifinta sunan mutumin da bai taɓa ce mata komai ba sai "a nan akwai ƙugiya"?

Ran Laraba muka haɗu da Malam Ƙugiya a laburare, a ɗan ɗakin nan mai gilashi da ake aro don gwajin jawabi. Tun tuni ya yi alkawarin zai zama kwamitina na ƙarya. Na sa doguwar riga ruwan zuma da mayafin da ya taɓa cewa launinsa irin na ƙasata ne, wanda har yau ban sani ba ko yabo ne. Ya zuba mini shayi a murfin fulas. Na ce a raina, yau sai na ga iyakar shirun nan.

Na miƙa masa wayata. "Malam, karanta abin da na tura wa Mama."

Ya karanta. Ya gyara tabarau ya sake karantawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Sun ɗauka kin ƙare?"

"Har da hular kammalawa."

Ya kifa kai a kan tebur yana dariya marar sauti, saboda laburare ne. Da ya ɗago idonsa har da hawaye. "Manomiya, kin san shekara nawa nake neman misali irin wannan? Kalma ɗaya, ma'ana uku, gida guda ya rikice! Don Allah ki ba ni izini in sa shi a babi na huɗu. Zan ɓoye sunanki."

Ni ina cikin ruwa, shi yana ganin babi na huɗu. Na ce, "Ka sa. Ka ƙara da cewa saboda shi iyayen wani za su je wurin Babana ranar Asabar."

Dariyar ta tsaya cak.

"Iyayen wa?"

"Wani likitan haƙori. Ya daɗe yana jira. Baba ya ce idan ba ni da wani, zai ce musu su jira ni." Na kurɓi shayi, na ƙara da cewa, "Ranar Juma'a zan ba shi amsa."

Na ba shi fili, wallahi na ba shi fili wanda mota za ta juya a ciki. Ya ciro jan bironsa daga aljihu, ya cire murfin, ya mayar, ya sake cirewa. Ya kalli allon majigi. Ya kalli ƙofa.

"Likita ne, kika ce?"

"Na haƙori."

"Sana'a ce mai kyau," ya ce. "Allah ya sa alheri."

Allah ya sa alheri! Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini ciwo irin wannan ba. Na ce "Amin" da ƙarfin da sai da wata ɗaliba ta leƙo ta gilashi. Na miƙe na yi jawabina daga farko har ƙarshe ban kalle shi ba. Ya yi mini tambayoyi uku, duka a kan gishiri. Da muka fito ya tsaya ta ɓangaren iska kamar kullum, ni kuma na zagaya na tsaya a gabansa iskar ta buge ni son ranta. A cikin bas na yi kukana a mayafi, wata tsohuwa ta miƙo mini tishu.

Ranar Alhamis na sa rigar da Yaya ta ɗinka mini, koriya shar mai ƙananan ganyaye, na ɗora baƙar kwat a kai, da takalmin sanyi da na goge da man shafawa don na rasa na takalmi. Malamai huɗu a gaba, Farfesa a gefe tana cin tuffa kamar ba ɗalibarta za a yanka ba. A kujerar baya kuma ga kwat mai ruwan toka. Ban gayyace shi ba, ban kuma gaishe shi ba.

Majigi ya ƙi kamawa. Kafin in rikice ya taso ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya jona wata waya, hoton wakena ya fito a bango. Ya koma ya zauna.

Haushi ashe yana da amfani. Wani malami mai gemu ya tambaye ni me ya sa nake ɓata lokaci a kan irin da bai nuna alamar zai yi 'ya'ya ba. Na ce masa wani irin yana da nawa, sai an matsa masa da gishiri sannan ake sanin abin da ke cikinsa, idan kuma lokaci ya cika bai nuna komai ba, tuge shi ake yi a shuka wani. Na faɗa da zafin da ya sa Farfesa ta daina tauna. Daga kujerar baya na ji wani ya yi tari.

Suka fitar da ni, suka dawo da ni, suka ce na tsira, da 'yan gyare-gyare. Farfesa ta rungume ni tana ƙanshin tuffa. Na waiga baya, kujerar babu kowa. A kanta ya bar fulas ɗin shayi da ɗumi, da 'yar takarda: "Kin kare, ba ki ƙare ba. Barka." Ko a nan sai da ya yi darasi.

Na tura wa Mama saƙon murya, don na daina yarda da yatsuna. Likitan Haƙori ya turo fure ɗaya da "Barka da nasara, duk tsawon jiran ina nan." Na daɗe ina kallon saƙon. Mutumin nan bai san me nake yi da wake ba, amma ya san abin da yake so, ya kuma faɗa.

Da safiyar Juma'a na tashi da kumburin ido. Na ɗaura zane a kan wandon sanyi, suwaita biyu, safa ɗaya ja ɗaya shuɗiya. Na shayar da waken taga. Na zauna a bakin gado na rubuta abin da zan gaya wa Baba, don na san idan ya kira bakina zai mutu:

"Baba na yi tunani. Babu wanda ya yi mini magana a nan. Duk abin da ka yanke na karba, idan na kare karatu sai a yi. Yarka Auta."

Na karanta, hawaye ya ɗiga a kan gilashin. Sai wani shaiɗanin tunani ya zo mini. Na kwafi saƙon na tura wa Malam Ƙugiya, na rubuta a ƙasa:

"Malam ka taimaka ka sa mini kugiyoyin kafin in tura wa Baba. Ba na son in sake kuskure."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Sai "yana rubutu". Ya tsaya. Yana rubutu. Ya tsaya. Na tafasa ruwa, na zuba, na manta ban sa ganyen shayi ba, na sha ruwan zafi haka nan. Yana rubutu. Na ce lalle yau babi guda zai turo mini.

Da saƙon ya shigo, kalma biyu ne:

"Na ki."

Na kalle shi. Na kawo wayar kusa da ido, na goge gilashin da bakin zane. Babu ƙugiya. Mutumin da ko jerin cefane zai rubuta sai ya sa wa ƙwai ƙugiyarsa, mutumin da ya taɓa gyara rubutun da ke jikin katin gayyatar bikin abokinsa, yau ya rubuta mini "na ki" tsirara.

Idan da ƙugiya, na ƙi ne, wato ba zai gyara ba. Idan kuma babu, aka matso da su kusa da juna…

Na rubuta: "Malam ka manta da kugiya."

"Ban manta ba."

"To wanne kake nufi?"

"Ke ce gwanar kalma ɗaya mai ma'ana biyu. Ki karanta shi duka biyun."

Na karanta duka biyun. Na ƙi. Naki. Na ƙi. Naki. Na toshe bakina da filo don kada maƙwabciyata ta kira masu gadi. Kafin in samu abin cewa wani ya sake shigowa:

"Shekara ɗaya da rabi na kasa, babu ƙugiya. Yanzu ina ƙasa, da ƙugiya. Ki leƙo."

Na ture tukunyar wake na leƙa. Ga shi can a bakin ƙofar gini, kusa da wurin ajiye kekuna. Kaftani ruwan sararin samaniya, da layin ninkin akwati a jikinsa ko guga bai samu ba, da hula, da kwat ɗin nan mai ruwan toka a sama. Iska na kaɗa kaftanin, shi kuma yana rawar sanyi yana kallon tagata. Ashe duk "yana rubutu" ɗin nan a tsaye yake a wurin.

Daidai nan wayata ta ɗauki ƙara, ashe can gida har an sauko daga masallaci. Baba.

Ban san lokacin da na zari mayafi ba. Hawa huɗu na sauka da silifas a kan safa kala biyu, wayar na ruri a hannuna. Na tura ƙofa, sanyi ya mare ni. Ya buɗe baki zai fara bayani, na san kuma idan na bar shi sai ya faro daga tarihin haruffa. Na danna amsa, na sa a lasifika.

"Auta," Baba ya ce bayan sallama, "akwai suna ko babu?"

"Akwai, Baba," na ce. "Amma ni na daina isar da saƙo, ɓatawa nake yi. Ga shi ya faɗa da bakinsa."

Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, har ya ɗan rusuna wa waya a tsakiyar titi, wani mai keke ya waiga yana kallonsa. Ya yi sallama, muryarsa ta fito siririya.

"Wa alaikumus salam," in ji Baba. "Wa ke magana?"

Masanin harshe, mai babi huɗu a kan yadda 'yan Adam ke sarrafa kalmomi, ya manta sunansa. Ya kalle ni, ya kalli waya.

"Baba, ni ne… na Auta."

Daga can nesa na ji muryar Mama tana cewa, "Wa ya ce? Na wa?" sai ƙarar kujera da ake ja kusa.

"Na Auta," Baba ya maimaita a hankali, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ikon Allah. Ni da na haife ta ban san an ba da ita ba. To, na Auta, ka samu wuri ka gyara tsayuwa. Ina da tambayoyi, uwarta ma tana da nata."

Malam Ƙugiya ya dube ni, gumi a goshinsa cikin wannan sanyin. Na zare jan biron daga aljihunsa na riƙe, na zagaya na tsaya masa ta ɓangaren iska.

"Malam," na ce masa ƙasa-ƙasa, "yau kai ne za ka kare."